Ƙarancin Gidaje a Najeriya: Wa Ke Gina Gidan, Wa Ke Shigarsa?

Da wuya jami'in gwamnati ya yi magana kan gidaje a Najeriya bai ambaci wani adadi ba. Wani ya ce ƙasar na da giɓin gida miliyan 17, wani ya ce 20, wani ma ya kai shi 28. An daɗe ana maimaita waɗannan lambobi a taruka da jaridu, har sai da Babatunde Fashola, lokacin yana ministan ayyuka da gidaje, ya fito ya ce miliyan 17 ɗin ba ta da tushe, don bai sami hukumar da ta amsa cewa ita ta ƙirga ba. Yana da hujja. Rabon ƙasar da ƙidayar jama'a da gidaje tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne. Yau an haura miliyan 200, kuma fiye da rabin mutanen a birane suke.

Sai dai wanda ya taɓa bin dillali yana neman ciki da falo a Kano, ko ya ga magidanci ya ɗage bikin ɗansa don an rasa ɗakin da za a sa amarya, ba ya buƙatar ƙidaya kafin ya yarda akwai matsala. A gidajen gado na cikin birni, gidan da kaka ya gina don iyali ɗaya yanzu iyalai huɗu ko biyar ke ciki. An yanka tsakar gida an yi ɗakuna, zaure ya zama shago, banɗaki ɗaya ake bi layi. Ga kuma waɗanda rikici ya raba da garuruwansu a Borno da Zamfara da Katsina suka tare a birane, da waɗanda ruwa ya cinye wa gidaje, kamar yadda aka gani a Maiduguri a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle.

Kafin a yi maganar magani, ya kamata a fara sanin wa ke gina gidajen da ake zaune ciki. Mafi yawansu ba gwamnati ta gina ba, ba kuma manyan kamfanoni ba. Malamin makaranta ne, da ɗan kasuwa, da direba, da matar da ta sayar da gonar gado. Mutum ya sayi fili bana, baɗi ya zuba harsashi, ya huta, ya ɗauki adashi ya kai gini linta, damina biyu ta dake shi a haka, sannan a yi rufi. Da an rufa ɗaki ɗaya an sa ƙofa sai a tare, sauran a ƙarasa ana ciki. Haka Dorayi da Rijiyar Zaki da Rimin Kebe suka cika a Kano, haka Rigasa a Kaduna, haka Mararraba da Masaka da Suleja da ke ɗauke da ma'aikatan Abuja. Wannan ita ce ainihin masana'antar gina gidaje ta ƙasar, kuma ita ce aka fi mantawa da ita idan an zauna tsara manufofi. Abin da ya kamata a tambaya shi ne: me ke tsayar da wannan mutumin a hanya?

Fili da takardarsa

Cikas na farko yana ƙarƙashin ƙafarsa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978, wadda aka yi a mulkin soja na Obasanjo, ta damƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da mutum ke samu izinin zama ne, galibi na shekara 99, kuma ba zai sayar ko ya jinginar da filin a hukumance ba sai da amincewar gwamna. An cusa dokar cikin tsarin mulki, shi ya sa gyara ta ya zama aiki ja. Jihohi sun kafa hukumomin rajistar filaye na kwamfuta, AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano, kuma an ɗan samu sauƙi, amma har yanzu mafi yawan filayen ƙasar ba su da takardar shaidar mallaka ta gwamnati.

Talaka dai ba ya jiran gwamnati ta yanka fili. Yakan je wurin masu awon igiya: an sayi gona a bayan gari, an ja igiya an yanka ta fuloti-fuloti, a rubuta takardar ciniki, mai unguwa ya sa hannu, dillali ya karɓi la'ada. Filin ya samu da araha, amma ba a bar wurin makaranta ba, ba a bar magudanar ruwa ba, lungun ma da ƙyar mota za ta shiga. Wani lokaci kududdufi ne aka cike da shara aka sayar, sai Agusta ta zo ruwa ya nemi tsohuwar hanyarsa. Mafi muni, wannan takarda ta mai unguwa banki ba ya kallonta. Mutum na da gidan da ya kai miliyoyi, amma ba zai iya cin bashin kwabo da shi ba.

Buhun siminti

Abin mamaki a nan shi ne Najeriya ba ta rasa siminti ba. Tun 2002 gwamnati ta fito da tsarin da ya ce sai wanda ya zuba jari a masana'antar cikin gida za a ba lasisin shigo da shi, kuma tsarin ya yi aiki. Dangote na da Obajana da Ibese da Gboko, BUA na da Kalambaina a Sakkwato da Okpella a Edo, ga Ashaka a Gombe da sauran masana'antun da aka sani da sunan Lafarge. Ƙarfin da waɗannan masana'antu ke da shi ya wuce abin da ƙasar ke amfani da shi, har ana fitarwa ƙasashen maƙwabta. Amma kasuwar kusan duka a hannun kamfanoni uku take, kuma inda masu sayarwa uku ne kawai, mai saye ba shi da bakin ciniki.

Kamfanonin suna da nasu uzurin, kuma ba duka ne ƙarya ba. Gas da suke ƙonawa da dala ake lissafinsa, kayan gyaran injina daga waje suke zuwa, tirelar da za ta ɗauko kaya daga Obajana zuwa Maiduguri dizal take sha a kan hanyar da ta lalace. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dalar da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta kai wajen 1,500 a farkon 2024. Buhun da ake saye ƙasa da naira 5,000 ya haura 10,000. A Oktoban 2023 BUA ya sanar da cewa zai riƙa bayar da buhu a naira 3,500 daga masana'anta, mutane suka yi ta murna, amma ragin bai iso shagon unguwa ba. A Fabrairun 2024 gwamnati ta zauna da kamfanonin aka sanar da farashin 7,000 zuwa 8,000. Kasuwa ta ji, ta ci gaba da abin da take yi.

Rodi ma haka. Ajaokuta da aka fara tun ƙarshen shekarun 1970 har yau ba ta narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba, don haka yawancin rodin da ke kasuwa daga tsofaffin ƙarafan da 'yan gwangwan ke tarawa ake narko shi, kuma ingancinsa ya danganta da wanda ya narka. Tayil, kayan wuta, kayan famfo, makullai, da yawansu daga China suke zuwa. Duk ranar da dala ta motsa, mai gini a Gusau sai ya ji a jikinsa.

Idan kaya suka yi tsada, gini ba ya tsayawa cak; ragewa ake yi. Mai buga bulo ya ƙara yashi don buhu ɗaya ya ba shi bulo fiye da ƙima, ka ɗaga bulon ya marmashe a hannunka. A wurin gini kuma za ka ji irin wannan:

"Alhaji, injiniya fa rodi mai kaurin milimita 16 ya rubuta a ginshiƙan nan."

"Malam, ka san nawa yake yanzu? Sa mai 12 kawai, Allah zai tsare."

"To, ranka ya daɗe, yadda ka ce."

Injiniyan da ake magana ma sau da yawa zane kawai aka saya a wurinsa, ba a sake kiransa ba.

Masu cokali da kwanon sarki

A nan ne maganar ta fi nauyi, kuma a nan aka fi yin shiru. Da sassafe a bakin titunan Abuja da Kano da Legas za ka tarar da matasa a tsugune, kowa da shebur ko diga a gabansa, suna jiran motar da za ta tsaya a ce ana son mutum biyar. Da yawansu 'yan ci-rani ne daga ƙauyukan Katsina da Jigawa da Zamfara, wasu daga Maraɗi da Damagaram. Babu takardar ɗaukar aiki, babu inshora, babu fansho. Wanda aka ɗauka ya ci abinci ranar, wanda aka bari ya koma kangon da yake kwana, wanda galibi gidan wani ne da kuɗi suka yanke masa.

Ranar zuba dakin, wato rufin kankare na bene, ita ce ranar da za ka ga abin da jikin lebura ke ɗauka. Injin kwaɓi na ruri tun hantsi, an jera katakai an yi matakala, mutane na hawa da kwanon sarki cike da kankare a ka, suna juyewa suna saukowa, ba tsayawa, don in aka bari kwaɓin ya sha iska aikin ya ɓaci. Mafi yawa silifas ne a ƙafarsu, wasu sun ɗaura ledar siminti a madadin takalmi. Siminti na cin fatar hannu da ta ƙafa, ƙurarsa na shiga ƙirji. In wani ya zamo daga bene, abokan aiki ne za su yi karo-karo a kai shi wurin mai ɗori, in mai gini na da tausayi ya ba da wani abu. Washegari wani ya maye gurbinsa.

Leburori ba su yi ƙaranci ba, kullum ƙaruwa suke. Ƙwararru ne suka yi ƙaranci: birkilan da zai ja layi ya fita sak, kafintan da zai ɗaura rufin da iskar farkon damina ba za ta yaye ba, mai ɗaurin rodi da ke iya karanta zane, mai famfon da ba sai an fasa bango bayan wata shida ba. Masu manyan gine-gine a Legas da Abuja sun daɗe suna ɗauko masu tayil da masu silin na filasta daga Togo da Benin, suna cewa aikinsu ya fi fita tsaf kuma sun fi cika alkawari. Waɗancan ƙasashe sun riƙe tsarin koyon sana'a na shekaru a hannun maigida, da yaye ɗalibi a bainar jama'a. Yanzu kuwa da naira ta faɗi a gaban sefa, wadda ke ɗaure da yuro, aikin Najeriya ya rage musu armashi, kuma masu gini na kukan cewa da yawa sun koma gida.

Mu a ina muka baro namu? A ƙasar Hausa gini sana'ar gado ce mai sarauta. Akwai Sarkin Magina, akwai gwanaye irin Babban Gwani da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda masana gine-gine ke zuwa kallon bakan gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, har yau. Yaro kan shekara yana kwaɓa ƙasa da miƙa tubali kafin a bar shi ya hau bango. Da siminti ya zo, wani ɓangare na wannan tarbiyya ya biyo birkiloli, sannan gwamnati ta kafa makarantun koyon sana'a da kwalejojin fasaha, ta kafa asusun horar da ma'aikatan masana'antu na ITF a 1971, hukumar ilimin fasaha ta NBTE a 1977, da hukumar jarrabawa ta NABTEB a 1992. Hukumomin suna nan. Amma iyaye sun ɗauki makarantar sana'a a matsayin wurin yaron da ya kasa, kowa digiri yake so, kuma ɗakunan gwaji na makarantun da yawa injinan cikinsu sun girmi malaman.

A ɗaya gefen, saurayin da zai yi shekara uku yana yaron magini ana ba shi na abinci ya duba ya ga abokinsa da ya karɓi babur ko adaidaita sahu yana komawa gida da kuɗi tun ranar farko. Wani ya tafi haƙar zinare, wani ya nufi Libiya ko Aljeriya, inda abin takaici aikin ginin dai zai je ya yi. Wanda ya tsaya kuma ba ya jure dogon koyo: wata shida yana miƙa bulo, sai ya sayi cokali da igiya ya ce shi ma birkila ne. Babu mai tambayarsa shaida. Tsarin biyan ma na ƙara dagula abin, domin yawanci jinga ake yi, a biya mutum bisa yawan bulon da ya ɗora ko faɗin bangon da ya shafe. Wanda ya tsaya yana auna kusurwa yana cika ramin bulo da kyau, shi zai tashi da kuɗi kaɗan. Mun tsara kasuwar da ke hukunta mai natsuwa, sannan muna mamakin bango ya karkace.

Sakamakon yana fitowa a labarai. Bene mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ta Legas a Nuwamban 2021 ya kashe fiye da mutum 40, akasarinsu ma'aikatan da ke ciki. A Agustan 2022 wani bene da ake ginawa ya faɗi a titin Beirut da ke Kano. A Yulin 2024 ginin wata makaranta ya rufta wa ɗalibai a Jos, mutum 22 suka rasu. Ƙasar na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, tana da COREN ta injiniyoyi, da CORBON ta magina, da ARCON ta masu zane. Amma waɗannan na kula da masu takardar jami'a ne, alhali hannun da ke ɗora bulon bai taɓa shiga rajistar kowa ba.

Bashin da ba ya zuwa

A ƙasashen da suka rage wannan matsala, mutum kan shiga gida yana matashi ya yi shekara 20 ko 30 yana biya. A nan sai ka biya duka kafin ka shiga. Asusun gidaje na ƙasa, NHF, an kafa shi a 1992: ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci, bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, ya ba shi lamuni a kan ruwa kashi 6, ya biya cikin shekaru har 30. A takarda babu laifi. A aikace, ana neman fili mai cikakkiyar takarda da albashin da zai ɗauki biyan, kuma ma'aikata da yawa sun yi ritaya ana cire musu ba su ga gida ba, sai dai su bi sawun a mayar musu da abin da aka tara. Bankunan kasuwanci kuwa, a lokacin da Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, babu mai hankalin da zai ci bashinsu ya gina gidan kwana. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024. A lissafa buhun siminti nawa ke ciki.

A Arewa akwai ƙarin wani abu da masu tsara manufofi a Abuja kan tsallake: mutane da yawa ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da kashi 6 ne, saboda riba. Bankuna irin Jaiz, da ya fara aiki a 2012, da TAJ suna da hanyoyin da ba ruwa a ciki, irin ijara (haya) da murabaha (saye a sayar maka da ribar da aka yi yarjejeniya a kai), amma su ma takardar fili da tabbataccen albashi suke nema, ɗan kasuwar Kwari ko mai shayi kuwa ba shi da takardar albashi.

Gidajen gwamnati, da gidajen da ba kowa

Kowace gwamnati da nata rukunin gidaje. Shagari ya zo a 1979 da alkawarin gida 2,000 a kowace jiha duk shekara. Ba a kai ko rabi ba, ko da yake unguwannin da ake kira da sunansa suna nan a garuruwa da dama. Jakande ya gina dubbai a Legas, kuma shi ake yawan kafa misali da shi don ya yi su daidai aljihun ƙaramin ma'aikaci. A Kano an gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, gidaje masu kyau, waɗanda da yawansu suka daɗe a rufe. Gwamnatin Tinubu, da Ahmed Dangiwa da ta naɗa ministan gidaje a 2023, ta aza harsashin gida 3,112 a Karsana ta Abuja a Fabrairun 2024, da wasu rukunan a jihohi. Ba a raina ba. Amma ko da gwamnati za ta riƙa kammala gida 50,000 duk shekara, abin da ba ta taɓa yi ba, cike giɓin miliyan 17 zai ci shekara 340.

Ga kuma abin da duk mai yawo a Abuja ya sani: manyan gidaje a Maitama da Asokoro da Guzape da ba mai kwana ciki sai maigadi. A Disamban 2024 kotu ta mallaka wa gwamnati wani rukuni mai gida 753 a Lokogoma bayan ƙarar da EFCC ta shigar. Irin waɗannan ba don a zauna aka gina su ba, ma'ajiyar kuɗi ce. Suna shan siminti da rodi da ƙwararrun ma'aikatan da ake ƙaranci, suna tayar da farashin fili, ba su rage wa kowa kuɗin haya ba. Saboda haka ƙarancin ba a ko'ina yake ba: a sama gidaje sun yi yawa, a ƙasa ne ake turmutsutsu.

A ganina, kuɗin da gwamnati ke zubawa a gida 250 da za a yanka wa kirtani a kira 'yan jarida, da ta yanka fuloti dubbai da su, ta fitar da titi da kwata, ta kai ruwa da wuta, ta ba kowa takardarsa a hannu cikin wata guda, da mutane sun gina da kansu kamar yadda suka saba, kuma da an sami unguwa maimakon cunkoso. Da an ba da ƙananan lamuni mataki-mataki, na harsashi daban, na rufi daban, da kangwaye da yawa sun zama gidaje. Matsalar wannan hanya ɗaya ce: ba ta da kwangila mai tsoka, ba ta kuma yin kyau a hoto.

Akwai kuma batun ƙasa, wadda muka guje wa don ana ganin ginin talauci ne. A Yamai, wasu masu zane da suka haɗa da Mariam Issoufou Kamara sun gina rukunin gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa da aka matse da inji, benaye masu sanyi a garin da zafi ke gasa mutane. Kafin su, masallacin Yaama a jihar Tawa, wanda ginin ƙasa ne, aikin magini Falke Barmou, ya ci kyautar Aga Khan a 1986. A Najeriya cibiyar binciken gini da hanyoyi ta NBRRI ta daɗe tana tallan irin wannan tubali da ke cin siminti kaɗan. Bai karɓu ba, wani ɓangare saboda surukai za su ce an kai 'yarsu gidan ƙasa, wani ɓangare kuma saboda shi ma sai da wanda ya san irin ƙasar da za a ɗiba da yadda za a kare bango daga ruwa, kuma masu wannan sani tsufa suke yi.

A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da cewa karatu a kwalejojin fasaharta ya zama kyauta, har da ɗan alawus ga ɗalibai. Mataki ne mai kyau, in har ɗalibin zai taɓa siminti da hannunsa ba a allo kawai zai gan shi ba. Amma mafi yawan masu ginin gobe ba za su bi ta kwaleji ba, suna wurin aiki yanzu haka suna miƙa bulo. Su ne ya kamata a bi har inda suke, a gwada hannunsu, a ba wanda ya iya shaidar da za ta sa a biya shi fiye da wanda bai iya ba, a kuma biya tsofaffin birkiloli da kafintoci wani abu a kan kowane yaro da suka yaye.